Irin Geron Babanmu da Shafin da Ya Sayi Layi

Ni ba mai yawan waiwaye ba ne. Abin da ya wuce nakan sa shi a fayil in rufe, in ɗora wani a kansa. Amma akwai abu guda da ya ƙi shiga fayil, kuma na tabbata ko tsufa ya kai ni inda zan manta lambar wayata, wannan kam yana nan daram. Damina biyar ke nan da faruwarsa. Zan ba da shi daki-daki yadda ya zo, don ba na son labarin da ake farowa daga wutsiya.

Da farko, ku san ko ni wane ne. Shekara ashirin da takwas na yi ina yankan kati a wani asibiti a Birnin Kudu kafin in yi ritaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma layi kam na san shi. Wanda ya riga zuwa shi ne na ɗaya, mai bi masa na biyu, ko da kuwa na biyun da babbar riga ya zo. An sha miƙo mini hannu a dunƙule ta ƙasan taga, in ce, "Alhaji, mai da hannunka aljihu, ka koma bayan mai jar hula." Har suna aka laƙaba mini, Mai Kati, kuma ban ji haushinsa ba. A cikin shekarun nan na ɗauki wata aƙida: duk abin da ka gani a saman jeri, da haƙƙinsa ya hau. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu, ku san Yaya. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a Fagam. Shi ya tsaya a gona aka tura ni makaranta, shi ya sa har yau in na faɗi magana yakan ɗauka daga littafi na karanto ta. Gonarsa tana kusa da fadama, inda tsuntsaye ke sauka kamar an aika musu goron gayyata. Abin da ke cetonsa shi ne irin geron Babanmu, Allah ya jiƙansa. Gero ne mai gashi-gashi a jikin zangarniya, tsuntsu in ya sauka gashin ya tsokale masa ido, sai ya tashi ya nufi gonar maƙwabci. Kowace kaka Yaya yakan zaɓi zangarniyu mafi kyau ya ɗaure, ya rataye a can ƙuryar rumbu. Ko tuwo ya yanke a gidan, ba mai taɓa wannan damin. Haka Baba ya yi, haka kakanmu ya yi. Sai da aka haifi mai ilimi a gidan sannan tsarin ya samu matsala.

Wata bazara Yaya ya kira ni a waya. Ya ce malamin gona ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa za a raba ingantaccen irin gero kyauta a Gwaram, mai saurin nuna, amma sai wanda ya yi rajista ta intanet, kuma kwana goma aka bayar. Ya ce mutanen unguwa sun taru sun ce ai suna da ɗa a Birnin Kudu. Na ce sun yi tunani. Washegari na hau mota da sabon littafi da biro biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana.

A ƙofar gidan Yaya na sa aka fito da tebur da kujera. Na kafa doka uku. Kowa ya zo da katin ɗan ƙasa. Kowa ya bi layi. Da an kira la'asar an rufe. Malamin gona ya zo da kansa, saurayi mai natsuwa, ya rubuta mini adireshin shafin rajistar a takarda da manyan haruffa, ya ce, "Baba, ko in zo Birnin Kudu mu shigar tare?" Na dube shi sama da ƙasa na ce ina rubuta sunayen mutane tun kafin a yi masa kaciya. Ya yi murmushi ya hau babur ɗinsa. Mutum talatin da bakwai na rubuta, kowa da lambarsa, da lambar wayarsa, da girman gonarsa.

An idar da la'asar ina naɗe littafi sai ga ɗan acaɓa ya sauke Gwaggo. Ƙanwar Babanmu ce, autarsu, tana aure a Farin Dutse tun ban san kaina ba, tana sana'ar daddawa, jikokinta na noma mata gona. Ta sauko tana dafa ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, rubuta ni in juya, na bar kalwa a wuta." Na ce, "Gwaggo, an rufe." Ta ce, "Me aka rufe? Ga littafi a hannunka, ga biro a kunnenka." Na ce doka doka ce, in na buɗe mata gobe wani ma zai zo da tasa gwaggon. Yaya ya matso ya ce a hankali, "Malam, Gwaggo ce fa." Na ce ko a asibiti ban taɓa yi wa dangi alfarma ba. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ƙara girma, Mai Kati." Ta hau acaɓarta ta koma. Ni kuwa na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, na ga na tsare gaskiya.

Na uku, shagon kwamfuta. A Birnin Kudu akwai wata mata Kirista, 'yar Filato, da ke da shagon buga takardu kusa da kasuwa. Ta daɗe a garin, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya, kowa Madam yake ce mata. Na isa da hantsi na tarar da ɗalibai sun cika shagon. Ta ce, "Baba Mai Kati, ba ni takardar in buɗe maka, minti biyu ne." Na ce a'a, amanar mutum talatin da bakwai ce a wuyana, ba na ba wa wani ya taɓa. Ta ce, "To ga kujera, ga kwamfuta, Allah ya ba da sa'a." Na gyara tabarau, na ɗora yatsa ɗaya, na shiga danna haruffa ina kallon takarda ina kallon hannuna. Allon ne kawai ban kalla ba. A nan na tsallake harafi guda. Ban sani ba a lokacin, kuma kwamfutar, da yake tana da tarbiyya, ba ta so ta kunyata dattijo ta faɗa masa ya yi kuskure ba.

Maimakon ta ce babu wannan adireshin, sai ta buɗe mini wani farin shafi da jerin sunaye shuɗaye, ɗaya bisa ɗaya, tsaf kamar layin safiyar Litinin. Raina ya yi fari. Na ce ashe su ma mutanen intanet sun san tsari. Ban tsaya duba na biyu ko na uku ba, me zai kai ni? Na ɗaya yana magana a kan rajistar manoma da ingantaccen iri. Wanda ke gaban layi ai shi ya riga zuwa. Na danna shi da ƙarfin zuciya.

Kai, shafi ya yi kyau. Kore shar, ga hoton wani manomi da fartanya a kafaɗa yana dariya, haƙoransa farare kamar bai taɓa cin goro ba, rigarsa ko ɗigon gumi babu. Da na yi hankali da tun daga nan na gane ba a ƙasar Gwaram aka ɗauki hoton ba. Malamin gona ya ce abu huɗu za a tambaya, su kuwa sai da suka tambayi goma sha ɗaya: har da irin wayar da mutum ke riƙewa, da ranar da yake cin kasuwa, da ko yana da dabbobi. Wani zai yi shakka. Ni sai na ce wannan ita ce hukumar da ta san aikinta. Inda ban san amsa ba na kira Fagam na tambaya. Kwana biyu na yi a kujerar nan da yatsa ɗaya, ina cika wa baƙin da ban sani ba sirrin mutanen unguwarmu, kuma ina yi ina duba kuskure, don kada in ba su lambar da ba daidai ba su sha wahalar nemanmu.

Kowane suna in na gama sai shafin ya fito da takarda mai kan sarki da zanen zangarniya. Na sa Madam ta buga duka talatin da bakwai, ta rufe kowace da leda don kada gumi ya ɓata. Tana jerawa ta ɗan tsaya ta ce, "Baba, ka tabbata nan ne? Na ga kamar..." Na ce, "Madam, ke buga kawai." Ta ɗaga kafaɗa ta buga. Wannan "na ga kamar" ɗin da na katse, na biya kuɗinsa da abin da ya fi kuɗi.

A ƙasan shafin akwai shawarwari ga manomi, su ma a jere da lambobi, abin da ke saurin sace mini zuciya. Ta huɗu ta ce tsohon iri yana ɗauke da cuta, kada a ajiye shi kusa da sabo, a rabu da shi kafin sabon ya iso. Yanzu da na san masu sayar da iri ne suka rubuta, na gane ba za su ce tsohon iri na da albarka ba. Amma a ranar kwafe ta na yi a littafina da jan biro, na ja mata layi biyu.

Na koma Fagam ranar Juma'a na raba takardu, ina kiran lamba mutum na amsawa. Sannan na karanta musu shawarwarin, na fassara, na kuma ƙara gishiri daga aljihuna: na ce ba mamaki a turo masu duba rumbuna, wanda aka samu da tsohon iri a soke sunansa. Kowa ya ce, "To, Malam, mun ji." Daga baya na gane ma'anar "to" ɗin manomi. Mutum talatin da shida suka koma gida suka ƙara tura irinsu can cikin rumbu, wasu ma suka ɗora masa tsumma. Mutum ɗaya ne kawai a duk unguwar ya ɗauki maganata da gaske.

Bayan an watse Yaya ya ce, "Malam, irin Baba ne fa. Ko a bar dami ɗaya?" Na zaro takardarsa mai leda na kaɗa masa a fuska. Na ce, "Yaya, wannan mene ne? Hukuma ta ba ka a rubuce. Kai kullum sai ka riƙa abu kamar zamanin jahiliyya? Sabon irin nan kwana kaɗan ya nuna, kafin tsuntsu ya farga ka girbe." Ban san ko haka ne ba, amma na faɗa da muryar taga, muryar da ba a musu da ita. Ya ce, "Kai ka yi karatu." A makon aka yi sunan jikarsa. Aka sauko da damin iri, mata suka sussuke, aka surfa, aka dama kunu aka yi fura. Jama'a suka yi ta santi, ana cewa an daɗe ba a sha kunu mai daɗin wannan ba. Dole ya yi daɗi, zaɓen shekara da shekaru ne a cikin ƙwarya. Ni kaina kofi biyu na sha, har na nemi a zuba mini a jarka in tafi da shi.

Ranar rabo muka ɗauki mota biyu zuwa Gwaram. Tun kafin a buɗe siton muna bakin ƙofa. Mutanen wasu unguwanni sun zo sun yi cincirindo, wasu da 'yar takarda a yamutse, wasu da lamba kawai a rubuce a tafin hannu. Na dube su na girgiza kai. Nawa mutanen na jera su ɗaya zuwa talatin da bakwai, kowa da takardarsa mai leda a ƙirji, kamar masu faretin makaranta. Har wani ya tambaya ko daga Dutse aka turo mu. Na ce a'a, tsari ne kawai.

Akawun da ke kiran suna ya karɓi takardar na ɗaya, ya juya ta gaba da baya, ya duba jerinsa, ya ce babu sunan. Na biyu, babu. Na uku, babu. Na matsa na ce, "Samari, duba da kyau, aikin nan na yi shi shekara ashirin da takwas." Ya ce, "Baba, takardar tana da kyau wallahi, ta fi tamu kyau. Amma ba tamu ba ce." Aka kira malamin gona. Ya karɓa, ya kai ido can ƙasa inda aka buga adireshi da ƙananan haruffa, ya ce in ba shi takardar da ya rubuta mini. Tana cikin littafina, a ninke huɗu. Ya haɗa su ya ce a hankali, don kada jama'a su ji, "Baba, ba shafinmu ka shiga ba. Wannan na wasu 'yan kasuwa ne. Abin da takardar nan ke cewa shi ne an karɓi buƙatarka, wakilinsu zai kira ka." Na ce rubutunsa ne bai fita ba. Ya miƙo mini takardar. Rubutu ne da makaho zai shafa ya karanta. Na ce to a rubuta su yanzu, ga su a jere. Ya ce an rufe rajista tun mako biyu da suka wuce, buhunan a ƙirge suke da sunaye. "An rufe, Baba," in ji shi. Na san kalmar, na sha faɗinta, ban dai taɓa jin ta daga wannan ɓangaren tagar ba.

Muna tsaye masu lamba a tafin hannu suka yi ta wucewa da ƙunshin irinsu. Wani dattijo daga cikin mutanena, lamba ta goma sha tara, ya ɗaga takardarsa ya ce, "Malam, ita wannan a jiƙa ta za a yi kafin a shuka, ko haka ake binne ta da ledar?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a'a, fifita ce hukuma ta raba saboda zafin bazara. Suna iya dariya, kowa ya san abin da ya ɓoye a rumbu. Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ninke tasa duk da taurin ledar, ya sa a aljihu, ya je ya zauna a mota. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na dira a shagon Madam da niyyar rigima. Na ce kwamfutarta ta ɓatar da ni. Ta ce, "Zauna, Baba, mu yi ta a jere tunda haka kake so." Ta buga adireshin daidai. Wani shafi ya fito fari fat, ba hoto ba ado, da sanarwa cewa an rufe. Ta ce, "Ka ga na gaskiyan. Ba ya kwalliya, don ba ya neman kowa." Sannan ta buga shi yadda ya fito a tarihin kwamfutar ranar da na zauna, da harafin da na tsallake. Jerin nan nawa ya fito. Ta ɗora farce a gefen na ɗaya, kan wata 'yar kalmar Turanci mai launin toka, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Ta ce, "Ka san me wannan ke nufi? Talla ce. Biya suka yi aka sa su a sama."

Na ce, "Biya? Wa suka biya?" Ta ce, "Masu ba mu layin intanet da abokan cinikinsu. Da can in ka yi kuskuren adireshi, allo zai ce maka babu wannan gidan, ka koma ka duba. Sai wasu suka ga ai ɓatan hanya ma kasuwa ce. Yanzu in ka ɓata, maimakon a ce ka ɓata, sai a kama hannunka a kai ka rumfar wanda ya fi biya. Wani mai kaya ne na gaske, wani lambobin mutane kawai yake tarawa ya sayar, wani ɓarawo ne tsantsa. Su masu kai ka ba ruwansu, an riga an sallame su." Na ce to ai wannan tsallake layi ne. Ta ce, "Sunansa ke nan, Baba. Da hannu a dunƙule ta ƙasan taga." Ashe labarina ya kai har shagonta.

Na daɗe a zaune ina kallon 'yar kalmar nan. Shekara ashirin da takwas ina korar masu sayen layi, ranar da na haɗu da babbansu sai na miƙe na ba shi kujera, na kawo masa mutum talatin da bakwai da katinsu na ɗan ƙasa. A tagata, in mutum ya kawo lambar kati da ba daidai ba, cewa nake, "Babu wannan lambar, koma ka duba." Yakan ji haushi, amma yakan dawo da ta daidai. Ban taɓa cewa, tunda ka ɓata lamba, ga wani mai kemis can ya ba ni na goro, je ka wurinsa ba. Ashe abin da nake ganin rashin mutunci ne, a wani wurin sunansa taimakon mai amfani da intanet.

Wakilan kuwa sun cika alkawari, ba a yi musu ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo wayoyin unguwar suka fara ruri. Wannan na tallar taki, wancan na maganin feshi, wani ya san sunan mutum da girman gonarsa da ranar kasuwarsa, abin har ya ba tsofaffi tsoro. Wani ma ya kira lamba ta bakwai ya ce daga ofishin rabon iri yake, a karanto masa lambobin da aka turo a waya. Allah ya taimaka tsohon ba ya gani sosai, ya ce a kira bayan ɗansa ya dawo. Sai da na sake zagaya gida talatin da bakwai, a jere, ina cewa kada kowa ya faɗa wa kowa komai. Wannan karon da suka ce "to", na ga alamar da gaske suke.

Sannan hadari ya fara haɗuwa a gabas. Maƙwabta suka ce za su sam wa Yaya iri, kasuwa ma akwai, amma duk gero ne mai santsin kai. A gonar bakin fadama wannan ba shuka ba ce, walima ce aka shirya wa tsuntsaye. Na tambayi Yaya ko akwai wanda Baba ya taɓa ba wa irin nan. Ya ce, "Mutum ɗaya ce. Da shi aka kai ta ɗaki." Ban tambayi ko wace ce ba. Na san inda acaɓa za ta kai ni.

Na isa Farin Dutse da hantsi na tarar da mata a tsakar gidan Gwaggo, sun zo sarin daddawa. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce, "Gwaggo, wata 'yar magana ce ta kawo ni." Ta ce, "Wa ka tarar a nan?" Na ce mata. Ta ce, "To bi layi." Na koma bayan wata yarinya mai goyo na tsaya, da hulata da tabarauna, ina shaƙar warin daddawa. Duk wadda ta shigo bayana sai Gwaggo ta ce, "Wuce gaba, 'yar nan, ke ciniki ya kawo ki." Na buɗe baki zan ce wannan ba tsari ba ne, na tuna abin da ya kawo ni, na rufe. Da layi ya zo kaina aka kira azahar. Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "An rufe. In na buɗe maka, gobe wani ma zai zo da nasa ɗan wan." Matan da suka rage suka tuntsire da dariya. Ashe har Farin Dutse an san zancen.

Na dawo washegari tun da sassafe, ni ne na ɗaya, kuma ba wanda na biya. Ta bar ni na gama bayanina tun daga teburin ƙofar gida har zuwa kofi biyu na kunu, ban tsallake komai ba. Ta ce, "Kun sha irin yayana a kunu." Na ce mun sha. Ta ce, "Ya yi daɗi?" Na ce ya yi. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Ta ce, "Wannan ne abin da zan iya rabawa, sauran na gonar jikokina ne. Ba don kai na bayar ba, don wancan bawan Allah ne da ya yarda da kai. Ka riƙe da hannu biyu. Ko in sa a rufe maka shi da leda?"

Irin bai kai ko rabin gonar ba. Yaya ya shuka shi a ɓangaren da ya fi kusa da fadama, sauran ya cike da na kasuwa. Da kaka ta yi, ɓangaren kasuwa tsuntsaye suka yi masa aski, sai kara a tsaye. Ɓangaren Baba ya tsira, amma ba a ci ko zangarniya ɗaya daga cikinsa ba, duka aka ɗaure aka rataye. Shekarar nan gidan Yaya da dawa da rogo aka ƙarasa ta, kuma sai a damina ta uku gonar ta koma gero mai gashi daga wannan kunya zuwa waccan. Bai taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya kawai yake yi har yau: in wayarsa ta yi ƙara ya ga baƙuwar lamba, sai ya miƙo mini ya ce, "Malam, mutanenka ne."

Abin da na koya zan jera shi, don hali ba ya ritaya. Yanzu in na buga adireshi, allo nake kallo, in karanta shi sau biyu kafin in danna, kuma in wanda ya fi ni sani ya ce "na ga kamar", nakan bar shi ya ƙarasa. In na ga jeri ya fito ban nema ba, na san ɓata na yi, sai in koma baya. Wanda ya ce maka "babu, koma ka duba" ya fi ƙaunarka a kan wanda ya ga ka ɓata ya ce bismillah, shigo. Babban kuma shi ne wannan: har gobe ina girmama layi, amma na daina gaishe da na gaba don kawai yana gaba. Sai na fara tambayar wa ya tsayar da shi a nan, da kuma me ya miƙa ta ƙasan taga. Takardar Yaya mai leda na karɓe ta, tana nan a fayil, na ajiye ta a sama, ita ce ta ɗaya. Wannan kam da haƙƙinta ta hau.